Manhajar Tace Bidiyo a Damagaram: Daidai Ruwa, Daidai Gari

Ranar hawan Sallah a Damagaram, daga ƙofar fada a Birni har zuwa wurin hawan ƙaho, da wuya ka ga hannun matashi babu waya a ɗage. Ɗaukar hoto ta zama ruwan dare. Wahalar tana farawa ne bayan an watse, sa'ad da aka zauna gaban kwamfuta za a yanke, a jera, a daidaita sauti, aikin da masu sana'ar a Nijar ke kira montaj. A nan ne ake tambayar wace manhaja ta fi kowace. Tambayar tun daga tushe ta karkace. Manhaja abar dogaro ita ce wadda ta dace da ƙarfin kwamfutarka, da halin wutar garinku, da nauyin aljihunka, ko da sunanta bai yi amo ba.

A fara da wuta. Yankin Damagaram ya daɗe yana dogaro da lantarkin da ake janyowa daga Najeriya, kuma jama'a sun ɗanɗana kuɗarsu a watan Agustan 2023, lokacin da aka katse shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Wanda ya kwana yana jera hotunan biki, wuta ta ɗauke, aiki ya bi iska, ba ya bukatar a yi masa bayanin amfanin manhajar da ke ajiye aiki da kanta bayan kowane 'yan mintoci. Sai zafi: a Afrilu da Mayu ma'auni kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fankar na'ura. Fitar da bidiyo a ƙarshen aiki shi ne abin da ya fi gasa kwamfuta, don haka manhaja mai nauyi kan sa ta mutu ana dab da gamawa. Yawancin kwamfutocin gida kuwa na hannu ne, masu RAM giga 4 ko 8.

Da wannan ma'auni zaɓi yakan yi sauƙi. DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design yana da nau'in kyauta mai inganci ƙwarai, amma yana son RAM giga 16 da katin hoto mai ƙarfi, kuma sauke shi kaɗai yakan cinye fiye da giga 2 na data. Ɗora shi a kan ƙaramar kwamfuta tamkar ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Shotcut da Kdenlive kuwa kyauta ne, kowannensu bai kai rabin giga ba, suna aiki ba tare da intanet ba, ba sa manna tambarinsu a kan bidiyo, kuma ana iya juya su zuwa Faransanci. Dukansu suna da wata dabara da ake kira furoksi: manhajar takan yi ƙaramin kwafi marar nauyi na kowane hoto, ka yi yanke-yankenka a kansa ba tare da sarƙewa ba, in an zo fitarwa sai ta koma kan na asali mai kyau.

Wani zai ce ai ƙwararru Adobe Premiere Pro suke amfani da shi, kuma mai neman aiki a Kano ko Yamai gara ya saba da shi. Akwai gaskiya a nan, sai dai tun 2013 kamfanin ya daina sayar da shi gaba ɗaya, ya koma karɓar kuɗin wata-wata, sama da jika goma na sefa, ta katin banki. Shi ya sa abin da ke yawo a filas daga hannu zuwa hannu na sata ne, wanda aka fasa makullinsa. Irin wannan ba ya samun gyara daga masu shi, kuma kafin a girka shi sau da yawa sai an kashe manhajar tsaro, wato ka buɗe wa ɓarawo ƙofa da hannunka a na'urar da ke ɗauke da hotunan amaren mutane. Ban da haka, abin da ake koyo shi ne sanin inda za a yanke da yadda sauti zai bi hoto. Wanda ya iya wannan a Kdenlive, ba zai daɗe yana lalube a Premiere ba.

Wani kuma zai ce me ya kai mutum ga kwamfuta alhali CapCut na cikin waya? Ga bidiyon minti ɗaya na TikTok, ya wadatar. Amma wa'azin awa guda, ko biki mai kyamara biyu, yana son faffadan allo da wurin ajiya, kuma kayan ado da dama na CapCut sai da intanet ko da biyan kuɗi. Masu cewa araha ba ta ado su ma suna da amsa: Shotcut da Kdenlive manhajoji buɗaɗɗu ne, masana daga ƙasashe daban-daban ke bibiyar su suna toshe kurakurai shekara da shekaru.

Gwaji ne ke raba gardama. Sauke manhajar daga shafinta na asali, zuba mata hoton minti goma daga wayarka, yanke shi, sa rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ ka ga ko za su fito, sannan ka fitar. Duba ko baki da murya suna tafiya tare har ƙarshe, domin hoton waya yakan sa su rabu. Katse ta da ƙarfi, kamar wuta ta ɗauke, ba tare da ajiyewa ba, ka sake buɗewa ka ga me ta ceto. Manhaja dai kayan aiki ce kawai: a 2021 Aïcha Macky, 'yar Damagaram, ta kai labarin matasan unguwar Kara-Kara gaban duniya da fim ɗinta mai suna Zinder, wato Damagaram, kuma abin da ya riƙe masu kallo shi ne mutanen da yadda aka jera labarinsu. Hotunan hawan bana ma wata rana tarihi ne. Don haka kowace manhaja ka zaɓa, ajiye na asalin a faifai biyu daban, ɗaya ba a cikin kwamfutar ba.