Rana, Omo da Akwati: Wa Ke Kashe Kambas?

Wasan fadel bai iso Darki ba, amma takalminsa ya riga shi zuwa. Idan aka kwance dilar gwanjo a Ƙofar Wambai, a cikin tarin kambas akan tsinci masu tambarin Asics, Joma ko Bullpadel, ƙasansu da zane mai lanƙwasa kamar ƙayar kifi. Daga nan 'yan koli ke kai su kasuwannin Wudil da Darki, samari da ɗaliban Jami'ar Aliko Dangote su saya don ƙwallo ko atisaye. Kowane mai saye kuma yana da "sirrin" da wani ya ba shi na yadda takalmi ke daɗewa. Wasu sirrikan gaskiya ne, wasu kuwa su ne ajalin takalmin.

Na farko, ana cewa kambas duk kambas ne. Ba haka ba ne. Enrique Corcuera ne ya ƙirƙiro fadel a Acapulco ta ƙasar Meziko a 1969, ya kuma yi ƙarfi a Sifen da Ajantina. Ana buga shi bibbiyu a fili mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10, a kan ciyawar roba da aka barbaɗa wa yashi. Wancan zanen na ƙasa domin wannan yashin aka yi shi, ya riƙe ƙafa idan an juya da sauri. Kwalta da siminti kuwa goge shi suke yi. Wanda ya mai da shi takalmin zuwa kasuwa kullum, kada ya zargi mai gwanjo idan ƙasan ya zama sumul.

Sai maganar rana, wadda ta fi kowace yaɗuwa. Za ka ji an ce, "Ɗora shi kan kwano ya sha rana, wari zai gudu." Rabinta gaskiya ce. Warin ba daga gumi kansa yake ba, ƙwayoyin cuta ne da ke hayayyafa cikin danshi, don haka bushewa na rage shi. Amma kambas haɗe-haɗe ne: yadi a sama, soso mai laushi a tsakiya, roba a ƙasa, gam ne kuma ya riƙe su. Zafi na sassauta gam, yana kuma sa soson ya motse. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40 a inuwa ma, rufin kwano ya fi haka nesa ba kusa ba. Bayan an maimaita 'yan lokuta za ka ga bakin takalmin ya buɗe, yatsan gaba ya ɗage sama. Abin yi mai sauƙi ne: a zare shimfiɗar ciki, a sassauta igiya, a cusa tsohuwar jarida, a jingine shi a inuwa inda iska ke kaɗawa. Da hunturu ma kwana ɗaya ya isa.

Jiƙa shi cikin Omo ya kwana, ko ɗiga masa bilic don ya yi fari tas, ɓarna ce zalla. Bilic na cin zare, yakan kuma bar farin yadi da rawaya. A bar laka ta bushe, a kakkaɓe, a goge da tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu kaɗan, a sakace tsakuwar da ta maƙale a zanen ƙasa da tsinke.

Wadda ta fi ba mutane mamaki ita ce ta akwati. Mutum ya sayi takalmi mai tsada, ya adana shi sai Sallah, yana ganin tattali yake yi. Wani nau'in soson da ake kira foliyuretan yana jan danshin iska a hankali har ya ruɓe daga ciki, kuma ajiya a rufe cikin leda da damina tana ƙara hanzarta hakan. Shi ya sa wani takalmin gwanjo yake sheƙi kamar ba a taɓa sa shi ba, a fita da shi sau ɗaya ƙasan ya farfashe. Ba sammu ba ne, ba kuma lallai yaudara ba ce; shekarun ajiya ne. Kafin ka biya, lanƙwasa shi, danna soson da babban yatsa. In ya tsattsage ko yana danƙo, mayar wa mai gwanjo da kayansa.

Idan takalmi ya ɓalle, masu cewa a bar wa mai gyara aikinsa maimakon a liƙe shi da sufa gulu sun yi gaskiya. Sufa gulu idan ya bushe ƙanƙarewa yake yi, takalmin wasa kuwa kullum cikin lanƙwasa yake, sai wurin ya sake ɓallewa, ya kuma ƙi karɓar wani gam. Mai gyara zai kankare wurin, ya shafa gam mai danƙo a ɓangarorin biyu, ya jira ya sha iska, sannan ya haɗa ya bubbuga, in da hali ya bi gefen da ɗinki. Abin da ba zai iya dawo da shi ba shi ne soson da ya riga ya lotse, kuma gwiwa da diddige ne ke fara sanar da mai shi, tun saman takalmin yana nan da kyansa.