Dakalin da Sarki Bai Hau Ba

Da sanyin safiya, kafin jajayen motocin safa masu hawa biyu su cika titi, masu shara ne ke da Dandalin Trafalgar. Suna bin matakala da tsintsiya da mesar ruwa suna kwashe abin da masu yawon dare suka bari. Wata rana za ka ga mutum da shaho a hannu yana zagaya wurin. Aikinsa ke nan, domin tun da hukumar birnin Landan ta hana zuba wa tattabaru hatsi a 2003, shaho ake kawowa ya firgita waɗanda suka ƙi tashi. Hantsi na dubawa sai 'yan makaranta su fara isowa layi-layi, sai baƙi masu ɗaukar hoto, sai masu zane da alli a ƙasa, sai mai goge ko mai ganga da ya ajiye hula a gabansa. Yara kuwa ba ruwansu da kowa, zakunan tagulla huɗun nan suke son hawa.

A tsakiya akwai doguwar hasumiya da ta haura mita 50, a ƙolinta Nelson ne tsaye, kwamandan jiragen ruwan da ya ci Faransa da Sifen da yaƙi a 1805 ya kuma rasu a wannan yaƙin. A kusurwoyi huɗu na dandalin akwai dakali huɗu na dutse. Ɗaya na ɗauke da Sarki George na Huɗu bisa doki. Biyu na ɗauke da janar-janar, Napier da Havelock, waɗanda suka yi wa daular Birtaniya yaƙi a Indiya. Waɗannan ukun ba mai ɗaga kai ya dube su sai tattabara mai neman wurin sauka. Na huɗun, wanda ke arewa maso yamma, shi ne ya sa na yi wannan rubutu.

An gina shi a 1841 don a ɗora Sarki William na Huɗu bisa dokinsa, sai kuɗi suka yanke. Dakalin ya zauna wayam fiye da shekara 150, ana ta shawara, an kasa haɗa baki a kan wanda ya isa ya hau. A 1999 aka gwada wata dabara: tun da an rasa wanda za a ba wurin ya zauna har abada, a riƙa ba da aronsa. Mai sassaƙa ya kawo aikinsa ya yi shekara ɗaya da rabi ko biyu, a sauke, wani ya hau. Daga baya ofishin magajin garin Landan ya karɓi ragamar abin, har yau kuma a hannunsa yake.

Yadda ake zaɓen ne ya fi ɗaukar hankalina. Akwai kwamiti na masana zane, da masu sassaƙa, da 'yan jarida, da masu kula da gidajen adana kayan fasaha. Su ke gayyatar masu fasaha daga ƙasashe daban-daban su kawo shawara, su tace su fitar da kaɗan, kamar shida ko bakwai. Kowane daga cikinsu sai ya ƙera ƙaramin samfurin abin da yake son ɗorawa, a jera su a gidan adana zane-zane na ƙasa da ke bakin dandalin, wanda shigarsa kyauta ce. Duk wanda ya zo yana da damar faɗin wanda ya fi kwanta masa a rai, a nan wurin ko ta intanet. Amma kada mai karatu ya ɗauka zaɓe ne irin na siyasa, wanda mai ƙuri'a mafi yawa ke lashewa. Kwamitin na duba ra'ayin jama'a, sannan ya yanke hukunci, magajin gari ya sa hannu. Bayan haka ma sai an nemi izinin ƙaramar hukumar Westminster, kamar yadda mai gina bene zai nema.

Kyan abu kaɗai ba ya kai shi saman dakali. Sai an tambayi nauyinsa, don dutsen nan tsoho ne. Sai an tambayi yadda zai yi da iska da ruwan sama na Landan, da hayaƙin mota, da kashin tsuntsaye. Sai an tambayi yadda motar ɗaga kaya za ta shigo da shi cikin dare ba tare da an tsayar da gari ba. Akwai kuma tambayar da injiniya ba zai amsa ba: mutumin da ya fito daga jirgin ƙasa yana sauri, bai karanta komai a kan aikin ba, idan ya ɗaga kai zai tsaya?

Na shiga ɗakin samfurin a tsakiyar 2021, lokacin da aka fara sassauta dokar kulle ta korona, kowa da takunkumi a fuska. Samfuri shida ne. Ɗakin ba shi da hayaniya, amma gardama ake yi ƙasa-ƙasa. Uwa na nuna wa ɗanta wannan, yaron ya ja hannunta zuwa wancan. Wasu tsofaffi biyu sun daɗe a gaban samfuri ɗaya, ɗaya na girgiza kai, ɗaya na gyaɗa nasa. Ni inda na fi daɗewa shi ne gaban aikin Ibrahim Mahama, mutumin Tamale ta arewacin Gana, wanda ya yi suna da lulluɓe manyan gine-gine da tsofaffin buhunan koko. Shi rumbu ya kawo, irin manyan rumbunan siminti da aka gina a Gana zamanin Kwame Nkrumah, aka watsar da su bayan juyin mulkin 1966, da tsirrai na fitowa daga jikinsa. Duk wanda ya taɓa wuce masaƙar da ta mutu a Kakuri ko a Sharaɗa ba ya buƙatar a fassara masa wannan aiki. Shi na zaɓa, kuma bai ci ba. Mutum fiye da 17,000 ne suka bayyana ra'ayinsu a wannan zagayen, aka ɗauki biyu: Samson Kambalu ɗan Malawi don 2022, da Teresa Margolles 'yar Meziko don 2024.

Da aka yaye lulluɓin aikin Kambalu a Satumbar 2022, na yarda kwamitin ya ga abin da ban gani ba a cikin ɗaki. Mutum biyu ne tsaye, sun ba juna baya, kowa da malafa a kansa. Ɗaya John Chilembwe ne, limamin coci baƙar fata a ƙasar Nyasaland, wadda ita ce Malawi a yau. Ɗayan Bature ne ɗan mishan, John Chorley. Kambalu ya ɗauko su ne daga wani hoto na 1914 da aka yi a gaban sabon cocin Chilembwe, a zamanin da doka ta hana baƙar fata barin hula a kansa gaban Bature. Chilembwe bai cire tasa ba. Shekara ɗaya bayan hoton ya jagoranci bore kan Turawan mulkin mallaka, aka kashe shi a 1915. Yau fuskarsa ce a kan takardar kuɗin Malawi, amma a Ingila kaɗan ne suka taɓa jin sunansa. Mai sassaƙar ya bar Chorley a daidai tsayin mutum, ya ƙara wa Chilembwe girma har ya kusa ninka shi.

A ƙaramin samfuri, wannan bambancin tsayi dabara ce kawai. A fili kuwa, da janar-janar ɗin daula biyu a ƙasansa, da ofishin jakadancin Afirka ta Kudu a gabas, da na Yuganda a kudu, abin ya zama magana. Bahaushe ya san darajar hula da rawani, ya san abin da ake nufi idan an ce wa dattijo ya tuɓe. Na ga baƙaƙen fata da yawa sun tsaya a gindin dakalin nan suna karanta ɗan allon bayanin har ƙarshe, abin da ba a cika yi wa allo ba.

Kambalu ba shi ne ɗan Afirka na farko ba. A 2010 Yinka Shonibare, wanda aka haifa a Landan ya tashi a Legas, ya ɗora jirgin ruwan Nelson a cikin wata ƙatuwar kwalba. Ƙyallayen da iska ke bugawa ta tura jirgin, da atamfa ya yi su, atamfar nan da muke saye a Kantin Kwari muna ce mata tamu, alhali asalin zanenta daga Indunusiya yake, Turawan Holan suka kwaikwaya suka kawo mana. Da wa'adinsa ya cika jama'a suka yi karo-karo aka saye shi, yanzu yana ƙofar gidan tarihin jiragen ruwa a Greenwich. A 2018 kuma Michael Rakowitz, Ba'amurke mai tushe a Iraƙi, ya sake ƙera bijimin nan mai fukafukai da ya tsare ƙofar birnin Ninawa, garin mutanen Annabi Yunusa, tun kusan shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, har 'yan ISIS suka farfasa shi a 2015. Da gwangwanayen zumar dabino na Iraƙi guda 10,500 ya yi shi, don a tuna cewa yaƙi bai tsaya a kan dutse ba, ya ci gonakin dabino da masu su. A 2009 ma ba a ɗora sassaƙa ba sam. Antony Gormley ya ba talakawa dakalin: kwana 100, dare da rana, mutum 2,400, kowa awa ɗaya ya yi abin da ya ga dama.

Ba duk zaɓin ne ya yi mini ba. Tulin kirim da ƙuda a jikinsa da aka ɗora a 2020 bai ce mini komai ba duk tsawon zamansa. Shuɗin zakaran Katharina Fritsch na 2013 kuwa ya jawo ka-ce-na-ce, domin zakara alamar Faransa ce, ga shi an kafa shi a gindin mutumin da ya ci Faransa da yaƙi. Masu ƙorafi kan ce kuɗin jama'a ake zubarwa, wasu su ce wurin tarihi ne ba wurin wasa ba. Ina jin su. Sai dai wanda bai so zakara ba haƙurin shekara ɗaya da rabi ya yi aka sauke. Wanda kakanninsa suka sha wuta a hannun Havelock ba shi da ranar da zai jira.

Na san mai karatu Musulmi zai ji wani abu a ransa game da mutum-mutumi, ni ma da wannan tarbiyyar na tashi, kuma ban zo in ce a cika shataletalen Kano ko Zinder da siffofin mutane ba. Abin da ya dace a duba shi ne hanyar yanke shawarar: a nuna wa mutanen gari samfuri tun ba a kashe kuɗi ba, a ji bakinsu, a kuma sa wa abu wa'adi. Jirgi a kwalba da rumbun hatsi ba siffar mai rai ba ne, kuma sun isar da saƙo. A wannan dandalin dai ake yin bikin Sallah da ofishin magajin gari ke shiryawa duk shekara, da rumfunan abinci a gindin dakalin.

Bayan rasuwar Sarauniya Elizabeth a 2022 an yi ta kiran a ba ta dakalin dindindin. Gwamnati ta zaɓi lambun St James don abin tunawa da ita, kuma a ganina an yi daidai, domin ranar da aka kafa mutum ɗaya a nan har abada, ranar za a daina ɗaga kai. An riga an fitar da masu hawa bayan Margolles, Tschabalala Self da Andra Ursuta. Idan sabunta fasfo ya kai ka ofishin jakadancin Najeriya da ke titin Northumberland, ɗan uwa, dandalin na bakin titin, tafiyar 'yan mintuna ce. Ka ƙarasa ka ga wanda ke kan dakalin, ka karanta allon da ke gindinsa.