House of the Dragon: Wai Shin Wane Ne Bos a Yaƙin 'Yan Uban Nan?

Duk inda ma'abota kallo su ka haɗu a kan House of the Dragon, tambayar da ke fara tashi ita ce: wai wane ne bos? Wasu su ce Sarauniya Alicent ce, wasu su ce mahaifin ta Otto Hightower, wasu kuma su rantse Daemon ne uban tsiyar. Kafin ka ankara majalisa ta dare biyu, 'yan Baƙi da 'yan Kore, kowa jijiyar wuya a tashe.

Ga wanda bai gani ba, tashar HBO ta Amurka ce ta soma nuna shirin a watan Agusta na 2022. Zango na farko kashi 10 ne, na biyu ya fito a 2024 da kashi 8. An ɗauko shi daga littafin Fire & Blood na George R.R. Martin, wanda ya fito a 2018, kuma labarin ya girmi na Game of Thrones da kusan shekara 200. Fim ne na manya, ba na zama da yara ba.

A ƙasar Westeros, gidan Targaryen ke mulki, masu hawa dodanni masu fiffike da aman wuta. Sarki Viserys ya naɗa 'yar sa Rhaenyra magajiya, ya sa hakimai su ka yi mata mubaya'a. Sai kuma ya auri aminiyar ta Alicent, ta haifa masa maza. Ran da ya cika aka rufe maganar, aka ɗora wa ɗan sa Aegon kambi. Daga nan wuta ta kama.

ME KOWA KE NEMA?

Masu cewa Alicent muguwa ce sun manta yadda ta shigo gidan. Uban ta ne ya tura ta ta riƙa ɗebe wa sarki kewa bayan rasuwar matar sa Aemma. Ran da aka tsige shi daga waziri, shi ne ya dasa mata tsoron cewa Rhaenyra na hawa karaga za ta kashe mata 'ya'ya. Ga ta da biyayya tun ƙuruciya, ta na kallon ƙawar ta na taka doka, uba na kau da kai. Koriyar rigar da ta sanyo ranar bikin Rhaenyra launin yaƙin gidan su ce.

Ita ma Rhaenyra ba kwaɗayi kaɗai ba ne. Gari ya ɗauka cewa 'ya'yan ta uku na farko na Harwin Strong ne, ba na mijin ta Laenor ba. In ta rasa gadon nan, wa zai kare su? Ka ga uwaye biyu kenan, kowace na tsoron ɗayar za ta hallaka mata 'ya'ya.

Mazan kuwa, kowa da mikin sa. Otto ƙane ne a gidan su, ba shi da ƙasa, jikan sa a karaga shi ne gadon sa. Daemon yardar yayan sa ya ke nema fiye da kujerar. Dogari Criston Cole ya roƙi Rhaenyra su gudu su yi aure ta ƙi, soyayya ta koma gaba. Aemond ya taso 'yan uwa na masa dariya don ba shi da dodo, har alade su ka kawo masa. Shi ko Aegon da ake yi domin sa, ɓuya ya yi, sai da aka zaƙulo shi aka naɗa shi!

DA A CE...

Da a ce Viserys ya auri Laena Velaryon da aka yi masa tayi fa? Yarinyar na da shekara 12 a lokacin. To, da ta haifi namiji, kakan sa zai zama Corlys, mai jiragen ruwan yaƙi da dukiyar da ta fi ta kowa. Da Rhaenyra ta sauya abokan gaba ne kawai, kuma da waɗanda su ka fi Otto ƙarfi.

Da a ce an haɗa gidajen da aure fa? An gwada har sau biyu. A al'adar gidan Targaryen na cikin labarin wa kan auri ƙanwa, don haka Otto ya ba da shawarar a ba Aegon, ɗan shekara 2, Rhaenyra. Sarki ya yi dariya. Daga baya Rhaenyra ta nema wa ɗan ta Jacaerys auren Helaena, 'yar Alicent, uwar ta ƙi. Wannan kam dama ce ta gaske aka zubar.

Da a ce Alicent ba ta yi wa maganar sarki ta ƙarshe gurguwar fahimta ba fa? Cikin magagin ciwo ya ambaci Aegon, ya na nufin kakan su na farko da ya ci ƙasar da yaƙi, ita kuma ta zaci ɗan ta. Amma a kashi na 9 mun ga Otto da wasu 'yan majalisa sun daɗe da kammala shirin su ba da sanin ta ba. Dattijo Beesbury da ya yi gardama, gawar sa aka bari a wurin.

Wanda ya fi ƙona ran 'yan Baƙi shi ne na Rhaenys. Ranar naɗin Aegon ta faso ƙasa bisa dodon ta Meleys, ga 'yan Kore jere a gaban ta. Kalma ɗaya, da sun zama toka. Ta juya ta tafi, wai ba ita ya kamata ta fara yaƙin ba. Daga baya ita da Meleys su ka mutu a yaƙin Rook's Rest. Sai dai a tuna, Daeron, autan Alicent, na can Oldtown da na sa dodon, kuma da Rhaenyra ta fara mulki da sunan wadda ta ƙone 'yan uwan ta.

Na ƙarshe shi ne Lucerys, yaron da ya tsiyaye wa Aemond ido tun su na ƙanana. Aemond ya bi shi cikin hadari don ya razana shi, tsohuwar dodanniya Vhagar ta ƙi jin linzami, ta dare yaron da dodon sa. Kafin nan Rhaenyra na auna sulhu. Bayan nan aka yanka ƙaramin ɗan Aegon a gadon sa, bakin alƙalami ya bushe.

TO, WANE NE BOS?

Ka bi zaren nan duka, mai karatu, za ka iske shi a hannun mutumin da kowa ya fi tausaya wa: Viserys. Shi da kan sa ya samu sarauta ne don manyan ƙasa sun tsallake Rhaenys saboda mace ce. Ya san halin mutanen sa sarai. Duk da haka ya bar mubaya'a ta yi kusan shekara 20 bai sabunta ta ba, ya maido Otto kan waziri, ya bar magajiyar sa ta yi shekara 6 a tsibirin Dragonstone, fada na hannun kishiyoyin ta. Ran da aka cire wa ɗan sa ido, iyakar hukuncin sa a yi haƙuri a shirya. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Gaskiya ne, shigar da Paddy Considine ya yi a kashi na 8, ya na jan jiki da sanda don kare 'yar sa, ta sa 'yan kallo ƙwalla. Amma icce tun ya na ɗanye ake tanƙwara shi.

Kuma marubucin bai ƙago wannan daga sama ba. A Ingila, Sarki Henry na ɗaya ya sa manyan ƙasa su ka rantse wa 'yar sa Matilda. Ya na mutuwa a 1135, ɗan 'yar uwar sa Stephen ya haye gadon, aka yi ta yaƙi har 1153. Can ma rantsuwa ba ta tsare karaga ba.

To jama'a, ga fili ga mai doki. Da kai ne Viserys, wa za ka naɗa, kuma yaya za ka yi da ɗayan? A aiko mana da wasiƙa, 'yan Baƙi da 'yan Kore duk mu na sauraren ku.