Uwargida, Ina Rabonki a Cikin Yini?

'Yan'uwana mata, musamman ku na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi da ƙauyukan da ke kewaye da su. Yau da ke nake, uwargida, ke da 'yarki 'yar makaranta, in tana kusa ki kira ta ta zauna.

Bari mu ƙidaya yininki tukuna. Tun da asuba kin tashi kin hura wuta, kin yi ɗumame, kin sallami masu fita. Ga ɗiban ruwa, ga surfe, ga kai niƙa, ga dakan fura, ga wanki. Na goye yana kuka, na yaye yana jan zane. In kina da 'yar sana'a, ko ƙuli-ƙuli ne ko ƙosai ko daddawa, ita ma tana jiran hannun nan naki guda biyu. Kafin ki ankara an kira magariba, ga tuwon dare bai sauka ba. Gobe kuma haka.

To, a cikin wannan duka ina abin da kika daɗe kina so wa kanki? Kada ki ce babu. Wata so take ta iya karanta katin asibitin ɗanta da kanta. Wata ta gaji da miƙa wa yaro waya ya karanta mata saƙon da 'yar'uwarta ta aiko, asirin gida ya zama na kowa. Wata keken ɗinki take hange, wata 'yar akuya, wata kuwa aure ya same ta tana aji uku na sakandare, har yau littattafan suna ƙasan akwati. Ba wanda ya hana yawancinmu da baki. Lokaci ne babu, kuɗi kuma ba su taruwa.

Hanyar da muka saba samun sauƙi ita ce mu ɗora wa 'ya mace. Ita ce mai reno, ita ce mai zuwa rijiya, ita ce mai ɗaukar talla zuwa tasha da bakin kasuwa. Ba na zargin kowa, don na san abin da ke kawo haka: uwa ba ta fita, kaya ba su sayar da kansu, kuma da ribar tallan nan ake tara kayan ɗaki. Amma ki duba cinikin da kyau. Sa'ar da kika samu, daga karatun yarinyar kika yanko ta. Nan da shekara goma ita ma za ta zauna inda kike zaune, tana miƙa wa wani yaro waya.

Akwai kuma tsoro, kuma tsoron gaskiya ne. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A farkon Satumba na shekarar aka sāke ɗibar ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnatin Zamfara ta rufe makarantu, aka hana cin kasuwannin mako, aka katse layukan waya. Duk uwar da ta ga wannan ba a ce mata ta cika fargaba. Inda hanya ba ta da aminci, ku da maigida kun fi kowa sanin abin da ya dace. Abin da kawai ba na ganewa shi ne gidan da ya hana yarinya makarantar da ke cikin gari saboda tsoro, kana ya ɗora mata faranti ta yini a tashar mota cikin baƙin maza. Wanne ya fi haɗari a cikin biyun?

Ashe dai daga wani wuri za a samo lokacin. Kakanninmu ma sun gamu da wannan matsala, kuma sun yi mata dabara. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga matan karkara suna son ilimi amma masu goyo da girki ba su da halin barin gida su tafi Sakkwato ko Wurno. Sai ta kafa abin da ake kira 'Yan Taru. Kowane gari akwai dattijuwa mai hankali da ake kira jaji, a naɗa mata malfa, ta jagoranci tsofaffin mata da ƙananan 'yan mata su je wurin Nana su ɗauko karatu, su komo su koya wa waɗanda aiki ya tsare a gida. Ki lura da hikimar: ba a ce wa mai jego ta ajiye jariri ta kama hanya ba. Wadda ke da sarari ita ke tafiya, ta kawo wa wadda ba ta da shi.

Abin nan bai fi ƙarfinku ba. Ku huɗu ko biyar da kuke gida ɗaya ko katanga ɗaya, kowace tana hura wutarta, kowace tana aika nata yaron wurin inji, kowace tana tsare da nata 'ya'yan a sa'a guda. Me zai hana ku yi karɓa-karɓa? Yau wance ta tsare yara duka daga azahar zuwa la'asar, sauran su sami sarari, gobe wata ta karɓa. Niƙa a haɗa a kai sau ɗaya, kowace da ƙwaryarta da alamarta. Ranar suyar gyaɗa a yi gayya a gama ta wance, jibi a koma ta wance. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na san za a ce, to in kishiya ce fa? Ai ko kishiya ba ta ƙin a ɗauke mata reno kwana uku a mako. Ba sai kun zama aminai ba, sharaɗi kawai za ku tsayar, kowa ta cika nata.

Sa'ar nan in ta samu, kada ki mai da ita ta wanke-wanken da ya kwana. Aikin gida ba shi da ƙarshe, ko yini nawa aka ba shi zai cinye. Ki sa mata suna: wannan ta karatu ce, ko ta koyon ɗinki ce a gidan maƙwabciya mai keke. In a unguwarku akwai Islamiyyar matan aure, ga wuri nan. In kina son boko, maigida ko ɗanki babba ya tambaya a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ko akwai ajin yaƙi da jahilci kusa da ku. Maganar maigida kuwa, kada ki tare shi da ita yana shigowa da gajiya. Ki bari ya ci ya sha, sa'an nan ki nuna masa amfanin da zai komo gidansa: mace mai karatu ba ta ba yaro magani fiye da ƙima, mai awo kuma ba ya cutarta.

In duk babu waɗannan, ai kina da jaji a ɗaki. Ke 'yar makaranta, yanzu da ke nake. Abin da aka koya miki da safe, ki zauna da innarki rabin sa'a bayan sallar isha ki koya mata, ku fara da sunanta da lambobi daga ɗaya zuwa ɗari, sai sunayen watanni. Kada ki yi mata dariya in ta juya baƙi, ita ba ta yi miki ba lokacin da kike koyon tafiya. Kuma ki sani ba asara kike ba, don wanda ya koyar da darasi ya fi wanda ya ji shi sau ɗaya riƙe shi. Ke kuma uwargida, ladan malama shi ne ki sauke mata talla a lokacin makaranta.

Za ki ce, to wa zai sayar mini? Nan ma a koma ga tsofaffi. Kowace unguwa ba ta rasa dattijuwa dillaliya mai shiga gida-gida, wadda ɗan abin da za ki ba ta a kan kowane ciniki zai yi mata amfani. Akwai mai tebur a ƙofar gida da zai karɓi ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa a kan sari. Ribar za ta ragu kaɗan, ba na ɓoye miki. Amma kaya masu ajiyuwa, irin su mai da ƙuli da daddawa da busasshiyar kuɓewa da kuka, ba su matsa miki sai an sayar yau kamar yadda ƙosai ke yi. Gyaɗa kuwa tsohuwar dukiyar ƙasar nan ce. Tun 1929 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta biyo Funtuwa da Gusau ta zo ta tsaya a Ƙauran Namoda, kuma gyaɗa da auduga ne manyan kayan da jirgin ya riƙa kwasa a zamaninsa. Mai zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ku haɗa saƙonku ku ba mutum ɗaya amintacce ya sayo muku a dunƙule, ya fi kowace ta sayi rabin tiya a wurin mai awon unguwa.

Sai batun tara kuɗi, wanda nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Mace ta yi wata tana suya, a tambaye ta ribarta nawa, ta ce Allah dai Ya sa albarka. Dalili kuwa uwar kuɗi da riba da kuɗin cefane duk a bakin zane ɗaya suke. Ki sami gwangwani biyu. Duk abin da kika kashe, gyaɗa da itace da kuɗin inji, ki fara mayar da shi cikin na fari kafin ki taɓa ko kwabo. Abin da ya saura shi ne naki. Kuɗin inji ma kada ki raina shi, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kin ga yadda ya tashi.

Daga gwangwani na biyu ake zubin adashe. Mata goma in kowace tana zuba naira 500 a mako, mai kwasa za ta ɗauki 5,000 a dunƙule, abin da da wuya ta tara ita kaɗai yara suna zuwa neman na alewa. Amma adashe sai da ido. Ku zaɓi uwar adashe wadda kuka san gidanta da halinta, kuma a rubuta kowane zubi a littafi, ga aikin 'yar makaranta nan ya sāke fitowa. Kafin kwasarki ta zo ki riga ki yanke abin da za ki yi da ita, in ba haka ba biki ɗaya zai lashe ta, ashobi da gudummawa. Kuma kada ki binne takardun kuɗi ki manta. Waɗanda suka yi haka sun ji jiki a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da tsofaffin takardu suka zama abin gudu a kasuwa. Akuya ko tunkiya ko buhun gero da aka saya da kaka ba a canja musu launi.

Abu ɗaya ke rushe duk wannan shiri cikin mako guda, shi ne ciwon yaro. Ya cinye lokacin, ya cinye jarin. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya sun auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, suka tarar fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Yaron da aka yaye da kunun gero tsura cikinsa ne ke cika, jikinsa ba ya ginuwa. Ki auna gero ko dawa kashi 6, waken suya kashi 3, gyaɗa kashi 1, ki soya kowanne dabam sama-sama, a niƙa tare, ki riƙa dama masa. Niƙa ɗaya zai kai ki kwanaki, kin ga nan ma an rage aiki. Ganyen zogale na bayan ɗaki a sa a miya. In gudawa ta kama shi kuma babu ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a kusa, ki tafasa ruwa lita ɗaya ya huce, ki zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kuna hanyar asibiti. Rigakafi kuwa ranar haihuwa ne, sai mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9 na ƙyanda, a ƙara na biyu a wata 15. Da damina in masu rabon maganin zazzaɓin cizon sauro na yara sun ƙwanƙwasa ƙofa, a buɗe musu, kuma a cika ba yaro na kwana uku kamar yadda suka ce. Ku masu jarirai sa'o'in juna ku riƙa tafiya awo tare, katin kuma a sa shi a leda a rataye inda ɓera da ruwa ba su kai.

Ke kuma 'yar makaranta, ki san cewa abin da kike nema ba a bayan duniya yake ba. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tana nan cikin Ƙauran Namoda tun 1983, ana yin difloma ta shekara biyu, mai son ci gaba ta ƙara babbar difloma. A Gusau akwai kwalejin horon malamai ta tarayya wadda mata zalla take ɗauka, ga wadda iyayenta ba su son cuɗanya. Ƙofar shiga dai ɗaya ce: sakamako mai kyau a jarrabawar gama sakandare, sai a bi ta hukumar JAMB. Yarinya da yawa ta kai aji shida ta tsaya, ba don ƙwaƙwalwa ba, sai don ranar biyan kuɗin rajista ta zo gida babu ko sisi. Saboda haka, uwargida, tun farkon shekara ki aika a tambayo shugabar makaranta watan da ake biya da abin da ake biya, sa'an nan ki je wurin uwar adashe ki roƙi a sa kwasarki ta faɗo a watan.