Eau Sauvage, Turaren da Ba Ya Riga Mai Shi Sallama

A wajenmu idan ana yabon turare, magana biyu ake fara ji: "yana kama jiki" da "yana tashi". Wato a fesa shi da safe, a tuɓe rigar da daddare, bayan kwana uku a kai wa mai wanki, shi ma ya shaƙa ya tambayi sunansa. Turaren da zan yi magana a kansa ba zai ci wannan jarrabawa ba, kuma gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya kashe kuɗinsa ya dawo yana jin haushina. Sunansa Eau Sauvage, ana furta shi kamar "O Sobaj", na kamfanin Dior ne na ƙasar Faransa. Ya fito a 1966, kuma har yau ana yin sa, ana sayarwa.

Sai na fara raba wata gardama, domin na sha ganin ta a shagunan turare. Ka ce a ba ka Eau Sauvage, yaron shago ya miƙo maka wata kwalba mai duhu, shuɗi ya rine zuwa baƙi, yana cewa ai shi ne. To, ba shi ba ne. Waccan sunanta Sauvage kawai, ta fito a 2015, François Demachy ne ya haɗa ta, ita ce kuma ɗan wasan Amurka Johnny Depp yake talla. Kamfani ɗaya ne, suna ya yi kama, amma tsakaninsu shekara 49 ne, kuma halinsu ya sha bamban. Sauvage na zamani mai ƙarfi ne, mai yaji, an cika shi da wani sinadari da ake kira ambroxan wanda ke sa a jiyo mutum tun daga bakin ƙofa. Eau Sauvage kuwa kwalbarsa garau take, da layi-layi a jikin gilashin, ruwan cikinta rawaya-rawaya ne, ƙamshinsa kuma sai an matso kusa.

Christian Dior, mai ɗinkin da kamfanin ke ɗauke da sunansa, bai ga wannan turare ba. Ya fitar da turarensa na farko, Miss Dior, a 1947, ya rasu a 1957. Sai bayan shekara tara da rasuwarsa kamfanin ya yi wa maza turare a karon farko, aka damƙa aikin a hannun Edmond Roudnitska. Faransawa suna kiran gwanin haɗa turare "hanci", kuma a cikin hantunan ƙarni na ashirin da wuya a lissafa uku ba a sa shi ba. An haife shi a birnin Nice a 1905, ya rasu a 1996, ya yi yawancin aikinsa a wani ƙauye mai suna Cabris kusa da Grasse, garin da ake ɗauka cibiyar turare ta Faransa. Shi ya haɗa Femme na kamfanin Rochas a 1944, da Diorissimo a 1956. Turarukan da ya sa wa hannu a tsawon rayuwarsa ba su da yawa, kuma an san shi da ƙin cunkoso. A lokacin da wasu ke zuba sinadarai barkatai suna ƙara zaƙi, shi ragewa yake yi, kamar mai girkin da ta gane cewa miyar da aka cika wa kayan yaji ba a jin ɗanɗanon naman cikinta.

Abin da ya sa masana ke ajiye Eau Sauvage a wuri na musamman wani sinadari ne da ake kira Hedione. Furen yasmin yana cikin kayan turare mafiya tsada, domin da hannu ake tsinkar sa, da sassafe, kuma sai an tara fure mai ɗimbin yawa kafin a samu ɗan mai kaɗan. A ƙarshen shekarun 1950 wani masanin sinadarai, Edouard Demole, da ke aiki da kamfanin Firmenich na birnin Janiba a Siwizalan, yana binciken abin da ke ba yasmin ƙamshinsa, sai aikin ya kai ga wannan sinadari. An ciro sunansa daga kalmar Girkanci mai nufin jin daɗi. Idan aka ba ka shi zallarsa ka shinshina, za ka iya cewa ba ka ji komai ba. Amma da an ɗiga shi cikin haɗi, sai komai ya buɗe, kamar an ɗaga labulen taga a ɗakin da aka turara. Roudnitska ya sa ɗan kaɗan ne a Eau Sauvage, shi ne kuma sanannen turare na farko da ya nuna wa duniya amfanin sinadarin. Yau ya zama ruwan dare, a turaren maza da na mata.

A Turai ta wancan zamani, sa ƙamshin fure a turaren namiji ƙarfin hali ne, domin an ɗauki fure kayan mata. Mu da muka gaji turaren Larabawa wannan ba zai ba mu mamaki ba, tunda dattijo a nan yana shafa wardi ya tafi masallaci ba wanda ya ɗaga ido. Su kuwa sabon abu ne gare su, har matan Faransa suka riƙa ɗaukar kwalbar mazajensu suna fesawa. Mai zane René Gruau ne ya yi hotunan tallarsa na farko. A 2009 kamfanin ya dawo da wani tsohon hoton ɗan wasan Faransa Alain Delon, wanda aka ɗauka a 1966, ya yi talla da shi, bayan an goge sigarin da ke hannunsa.

To, yaya ƙamshin yake? Da ka fesa, abin da zai fara dukan hancinka lemo ne. Ka tuna lokacin da ka yanka ɗanyen lemon tsami, ruwan ɓawon ya fantsamo maka a hannu: wannan ɗacin mai daɗi, mai wartsakarwa. Tare da shi akwai bagamot, wani ɗan'uwan lemo da ake nomawa a yankin Calabria na kudancin Italiya, wanda duk mai shan shayin Earl Grey ya san ƙamshinsa ko da bai san sunansa ba. Bayan kamar minti goma sha biyar lemon zai lafa, ganyaye su fito. Wanda hancin Bahaushe zai fi saurin ganewa shi ne mai kama da ɗaɗɗoya, sai wasu ganyayen Turai masu sanyin ƙamshi, a bayansu kuma wannan iskar yasmin ta Hedione. A nan ne turaren ya fi kyau a ganina. Ba zaƙi, ba hayaƙi, ba nauyi. Ƙamshi ne na mutumin da ya yi wanka, ya sa rigar da aka goge, ya fito ba ya sauri. A ƙarshe abin da ke saura a fata shi ne saiwar betiba, ciyawa ce 'yar'uwar jema da muke da ita a fadama, mai ƙamshin ƙasa da busasshen itace, tare da wani tsiro mai kama da gansakuka da ke manne wa jikin itatuwa a dazuzzukan Turai.

Wannan tsiro na ƙarshe yana da labari. Dattawan da suka yi amfani da Eau Sauvage a shekarun 1970 da 1980 sukan ce na da ya fi na yanzu zurfi da daɗewa. Ba santin ƙuruciya kaɗai ke sa su faɗin haka ba. An gano cewa wasu sinadarai biyu da ke cikin gansakukan, atranol da chloroatranol, suna jawo wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje. Ƙungiyar masu sana'ar turare ta duniya, IFRA, ta taƙaita amfani da shi, Tarayyar Turai kuma ta hana shigar da sababbin kayan da ke ɗauke da sinadaran biyu kasuwa daga 2019. Dole kamfanoni suka sake haɗin tsofaffin turarukansu da gansakukan da aka tace ko da madadinsa. Na yanzu ya fi haske, gindinsa bai kai na da nauyi ba, amma duk wanda ya san na da zai gane ɗan gidan ne.

Ga aibinsa, ba ɓoye-ɓoye: ba ya daɗewa. A jikina, awa uku zuwa huɗu yake yi, a tsakiyar bazara ma bai kai haka ba. Dalilin a fili yake. Man lemo mara nauyi ne, da ya ji ɗumin fata sai ya bi iska, zafin rana kuma ƙara masa gudu yake. Su oud da miski da sandal masu nauyi ne, shi ya sa suke kwana a riga. Haka turaren mai irin Bintu Sudan yake lafewa a jiki, domin mai ba ya tashi da sauri kamar sinadarin alkohol da ake narka turaren feshi a ciki. Saboda haka gwada Eau Sauvage da oud a kan daɗewa, kamar gwada lemon kankana da fura ne a kan riƙe ciki. Kowanne da ranarsa. A kuma lura, hanci yakan saba da ƙamshin da ke jikin mai shi ya daina ji, alhali na kusa da shi yana ji. Kafin ka ƙara feshi, tambayi wani.

Ranar Eau Sauvage ita ce ranar zafi. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya a watan Afrilu tare da wanda ya yi wanka da turare mai zaƙi ya san azabar da nake nufi: zafi yana kumbura ƙamshi mai nauyi, ya haɗu da gumi, har kan mutane ya yi ciwo. Wannan ba ya yin haka. Ko ka yi gumi, ƙamshin lemo da ganye ne zai tashi. Turaren safe ne da na wurin aiki, musamman ofishin da mutum huɗu ke zaune ƙofa a rufe. Na fi ganin darajarsa a wuraren da ake son mutum ya rage kansa: dubiyar mara lafiya a asibiti, zaman ta'aziyya, ganawar neman aiki, ko zuwa gaida surukai, inda ba a son ƙamshin saurayi ya cika zaure kafin a amsa sallamarsa. Da damina ma yana daɗi, domin saiwar nan ta ƙarshe tana tafiya da ƙamshin ƙasar da ruwa ya daka.

Ranar Juma'a fa? Sa turare sunna ce, kuma a sahu ƙamshi mai sauƙi alheri ne ga na dama da na hagu. Sai dai turaren feshi ne, akwai alkohol a ciki, malamai kuma sun yi saɓani a kan hukuncinsa. Wannan ba fagena ba ne, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi.

Inda ba zan ba da shawararsa ba shi ne bikin dare. Ka shiga zauren da mata ɗari suka sha humra, ga turaren wuta yana tashi ta kowace kusurwa, to ko feshi goma ka yi, kamar ka zuba cokalin ruwa a kogi ne. Haka da hunturu: fata ta bushe, ba ta riƙe ƙamshi, iska mai ƙura tana kwashe ɗan abin da ya rage. Mai son wannan gida a lokacin sanyi ya nemi Eau Sauvage Parfum da aka fitar a 2012, wanda aka ƙara wa mur, ya fi duhu da nauyi, ko da yake a hancina wani turare ne daban da ya ari sunan babansa.

Akwai kuskuren da na yi da kaina, wanda na san magidanta da yawa za su yi. Uwargida ta ɗora mini kaya a kan kabbasa, sun sha turaren wuta tun dare, da safe na sa, na kawo Eau Sauvage na fesa a kai. Asarar feshi kawai na yi, domin hayaƙin ya haɗiye shi ɗungurungum. Ranar da za ka sa shi, ka ce a bar maka riga ɗaya ba turare. Ka fesa a fata, ba a tufafi kaɗai ba: biyu a wuya, ɗaya a ƙirji kafin ka sa riga, ɗaya a bayan hannu in ka so. In fatarka mai bushewa ce, ka fara shafa ɗan man da ba shi da ƙamshi, zai ƙara masa lokaci. Kwalbar kuma kada ta kwana a mota ko a bakin taga, domin turaren lemo ya fi kowanne saurin lalacewa a zafi da hasken rana. Cikin durowar kaya ya fi masa.

Wajen saye, kada ka yanke hukunci da feshin farko, ko da abin da ka ji a 'yar takardar gwaji. Fesa a hannunka, ka fita ka yi sauran cefanenka, bayan rabin awa ka sake shinshinawa. Jabu yakan yi ƙoƙari a mintunan farko, daga nan ya koma warin sinadari ko ya ɓace gaba ɗaya. In an faɗa maka farashin da ya yi araha fiye da hankali, ka san araha ba ta ado.

Samari da yawa da na ba su suka shinshina sun ce mini turaren baba ne. Ban musa musu ba, shekararsa kusan sittin. Wanda yake son a waiwayo in ya wuce, ko yake da kuɗin kwalba ɗaya tak yana son ta yi masa safe da dare, rani da damina, ya nemi wani. Amma magidancin da ya riga ya mallaki oud ɗinsa na biki da na sanyi, yana neman abin da zai sa daga Maris zuwa Oktoba ya tafi aiki ba tare da ya takura wa kowa ba, ni dai ban san wanda ya fi wannan ba. In ka je saye, ka duba kwalbar da kyau, ka tabbata akwai "Eau" a gaban sunan.