Gyaran tsofaffin hotuna da na'ura: a rufe tsaga, kada a canza kamanni

Da wuya a shiga gidan wani babban ɗan kasuwa a Maraɗi ko tsohon ma'aikacin gwamnati a Damagaram ba a tarar da hoton mahaifi ko kaka rataye a bango ba. Sau da yawa shi kaɗai ne shaidar da ta rage ta kamannin mamacin, ga shi kuma ya dushe, ya tsage, ko gara ta ci gefensa.

Lalacewar tana da dalili. Hoto baƙi da fari ƙwayoyin azurfa ne cikin wani danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabba. In laimar damina ta shige shi sai danƙon ya kumbura, ya manne da gilashi, ya yi fumfuna. Hotuna masu launi na shekarun 1970 da 1980 kuwa rininsu ke gudu saboda zafi da hasken rana, shi ya sa suke komawa jajaye. Ambaliya, irin wadda ta auka wa unguwannin bakin kogi a Yamai a 2020, tana iya gama aikin cikin dare guda.

Tun fitowar manhajar Photoshop a 1990 aka samu hanyar ceto. Ana ɗora hoton kan sikana, a ɗauki surarsa zuwa kwamfuta, takardar asali kuma a ajiye ta ba a taɓa ba. Daga nan mai gyara ya faɗaɗa surar, ya ɗebo launi daga wuri mai lafiya ya rufe tsaga, ya share tabo, ya daidaita haske. Aiki ne na haƙuri kamar na mai ɗinkin babbar riga. A Mali, jami'ar jihar Mishigan ta Amurka ta haɗa hannu da iyalan masu hoto, har da na Malick Sidibé wanda ya rasu a 2016, aka wanke tare da ɗaukar surar negatif kimanin dubu 100.

Sai dai inda ido ko baki ya goge ƙaf, babu abin da za a ɗebo. A nan ne sababbin manhajoji masu basirar na'ura ke cike giɓi cikin daƙiƙa kaɗan. Ba su san mamacin ba. Ƙiyasi suke yi daga dubban fuskokin da aka koya musu. A 2020 an bai wa ɗaya daga cikinsu dusasshen hoton Barack Obama, sai ta fito da fuskar Bature. Na'urar da ta yi haka ga shugaban da duniya ta sani, tana iya ɗaukar tsagar gado a kumatun Bagobiri a matsayin ƙarzuwar takarda, ta shafe ta.

Hannun mutum ma yakan wuce gona da iri. A watan Afrilun 2021 mujallar Vice ta wallafa hotunan fursunonin kurkukun Tuol Sleng na Kambodiya, inda gwamnatin Khmer Rouge ta 1975 zuwa 1979 ta azabtar da dubban mutane kafin a kashe su. Wani ɗan ƙasar Ayilan ya sa musu launi, aka kuma gano an ƙara wa wasu murmushin da babu shi a asali. Hukumomin Kambodiya suka yi tir da abin, mujallar ta janye hotunan.

Don haka duk mai kai hoton mahaifinsa gyara ya kamata ya gindaya sharuɗɗa. A maido masa da takardar asali. A ba shi sura biyu, ta kafin gyara da ta bayansa. Kada a rufe tsohon hoto da roba mai zafi kamar katin shaida, kada a ɓamɓare wanda ya manne da gilashi. A ɗauki surarsa ta cikin gilashin. Sannan a nuna sakamakon ga dattawan da suka san mamacin kafin a biya, domin su ne alƙalai.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gara jikoki su gaji hoto mai tabo na kakansu na gaskiya, da su rataye kyakkyawar fuskar baƙon da ba a taɓa haifa ba.