Damagaram: me mai kula da ɗakin karatu zai miƙa wa ɗan lakwal?

A watan Maris na 2025, dokar sabunta ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, faransanci da ingilishi kuwa suka zama harsunan aiki. Sai dai doka ba ta cika kantar littattafai. Wanda ya fi kowa sanin haka shi ne mai kula da ɗakin karatu, domin shi ne ɗan lakwal ke tsayawa gabansa yana tambaya: mushe, me zan karanta game da garinmu?

A Damagaram tambayar tana da amsa, kuma amsar mai nauyi ce. Yaron da ya fito daga lise Amadu Kuran Daga yana ɗauke da sunan sarki a kan takardunsa, yana ratsa unguwar Birni da Zango safe da yamma, ya cancanci ya san wane ne sarkin da abin da ya auku a waɗannan unguwanni. Littattafai uku sun isa su buɗe masa ƙofa.

Na farko, tarihin sarauta

Littafin da za a fara ciro masa shi ne na André Salifou, haifaffen Damagaram a 1942, mai suna Le Damagaram ou Sultanat de Zinder au XIXe siècle, wanda ya fito a 1971. Marubucin ya haɗa abin da ya ji daga bakin dattawa da abin da ya tono cikin takardun Nasara. A nan yaro zai gamu da Tanimun, sarkin da ya kewaye birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a cikin gari, ya ƙarfafa fatauci da Tarabulus, har rasuwarsa a 1884. A nan kuma zai gane abin da ya sa aka kashe kyaftin Cazemajou a 1898, lokacin Amadu Kuran Daga. In yaron bai saba da dogon bayani ba, akwai wasan kwaikwayo Tanimoune na marubucin, wanda ya fi sauƙin shiga. Salifou shi ne ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991. Ya rasu a 2022, kuma jami'ar Damagaram tana ɗauke da sunansa.

Na biyu, zuwan Nasara

Daga nan sai Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda aka buga a 1980. Ƙagaggen labari ne da aka gina bisa tarihi: yadda Sarauniyar Lugu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Wani zai ce ina Lugu ina Damagaram? Ai hanya ɗaya ce. Rundunar nan da ta ƙone garuruwa tun daga bakin kogi, bayan an kashe hafsoshinta biyu a yankin Tasawa, ita ce ta ci gaba, ta gwabza da dakarun Kuran Daga a Tirmini a ƙarshen watan Yuli na 1899, ta shiga birni. Wanda ya rufe littafin Mamani, ya tsinci kansa a ƙofar garinsa. Shi ma marubucin ba baƙo ba ne: ɗan Sawaba ne da ya wakilci Damagaram a majalisa, ya sha gudun hijira da kurkuku, kuma a 1993 ya rasu cikin haɗarin mota bisa hanyar Yamai, zai je karɓar kyautar Bubu Hama. Fim ɗin da Med Hondo ya yi da labarin ya ci babbar kyautar Fespako a Wagadugu a 1987.

Na uku, muryar yaro

Littafi na uku ya girmi sauran nesa ba kusa ba, kuma shi kaɗai ne da Hausa. Dorugu yaro ne daga wani ƙauye kusa da Kance. Aka kama shi bauta, ya faɗa Barno, wani Bajamushe mai suna Overweg ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai ya bi Heinrich Barth har Tumbutu, daga baya ya bi shi Turai a 1855. A Ingila wani malamin mishan, Schön, ya zaunar da shi yana faɗa ana rubutawa: ƙuruciyarsa, kamunsa, tafiye-tafiyensa, da yadda ya ga Turawa a gidajensu. An buga labarin cikin Magana Hausa a Landan, a 1885. Ashe ɗaya daga cikin tsofaffin labaran Hausa da aka buga da boko, daga bakin ɗan ƙasar Damagaram ya fito. Dorugu ya ƙare rayuwarsa a Kano, a 1912.

Inda gizo ke saƙa

In mai kula da ɗakin karatu ya jera ukun nan bisa teburi, zai ga abin da ke damun garin. Biyu ƴan gida ne suka rubuta, amma da faransanci, harshen da kakar yaron, wadda ta fi kowa sanin labarin Tanimun, ba ta ji. Na ukun da Hausa ne, amma a Landan aka buga shi, da tsohon rubutu mai wuyar bi.

Ba masu karatun Hausa aka rasa ba. A Damagaram aka buɗe lakwal ta farko mai gwajin koyarwa da Hausa a 1973. Almajiran allo suna karanta ajami tun kafin boko. Littattafan Nijeriya kuwa sun daɗe suna ƙetaro iyaka: daga Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, har In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da rubuce-rubucen Balaraba Ramat Yakubu, waɗanda mata ke miƙa wa juna daga gida zuwa gida. Ya dace ɗakin karatu ya ba su wuri ba tare da kunya ba, domin wanda ya saba karanta labarin soyayya, gobe zai iya karanta tarihi. Amma littattafan maƙwabta labarin maƙwabta suke bayarwa. Ba su san Tirmini ba.

Saboda haka aikin a bayyane yake. Malaman jami'a da masu ɗab'i su sa Salifou da Mamani a hannun mai karatun Hausa, da farashin da talaka zai iya. A sake buga Dorugu da rubutun yau. A rubuta waƙoƙin fada irin na marigayi Ma'azu Ɗan Alalo tun akwai waɗanda suka haddace su. Kafin nan, mai kula da ɗakin karatu yana da dabara guda a hannunsa: ya ba yaro littafin faransanci, ya sharɗanta masa in ya koma gida ya fassara wa kakarsa babi ɗaya, ya dawo da gyaran da ta yi masa.